Filin Tambaya da Amsa: Yadda Guba Ke Bin Ƴaƴan Shaho da Ungulu Har Cikin Sheƙa

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo daga Maraɗi da kewayenta sun karkata ga abu guda, wato halin da tsuntsaye masu farauta suke ciki, musamman ƙananansu da ba su riga sun bar sheƙa ba. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin lambu ne, ina noman tumatir da tattasai da albasa. A bakin lambuna akwai wani tsohon gawo da shaho ya daɗe yana sheƙa a kansa. Shekara biyu ke nan ina ganin macen tana kwanci amma ban ga ɗa ya tashi ba. Bara fasasshen ƙwai na tsinta a gindin itacen, bana kuma ɗan tsako na tarar a ƙasa ya mutu, babu rauni a jikinsa. Ɗana da ke karatu a jami'a ya ce maganin feshinmu ne. Ni kuwa ban taɓa fesa wa gawon komai ba, kuma iyayen suna nan suna shawagi lafiya lau. Ta yaya maganin da na zuba wa tumatir zai hau itace ya kashe ɗan tsuntsu ya bar uwarsa?
Daga wani manomi a Jiratawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya sa wa lambu albarka. Kafin a ɗora wa magani laifi ya kamata a faɗi cewa ƙwai yana fashewa saboda guguwa, ko hankaka, ko yaran da ke hawan itace, kuma gwajin ƙwan ko hantar ɗan tsakon a ɗakin bincike ne ke yanke hukunci a kan sheƙa guda. Amma maganar ɗanka tana da tushe, kuma abin da ya ɗaure maka kai, wato iyaye su rayu ƴaƴa su mutu, da shi ne masana suka fara gane wannan matsala tun farko.

Magani ba ya hawan itace da ƙafarsa, uwa ce take kai shi. Akwai sinadaran da ba sa narkewa a ruwa sai a kitse, saboda haka ƙoda ba ta iya wanke su daga jiki, sai su zauna a kitse da hanta suna taruwa. Fara ta ci ganyen da aka fesa ta ɗauki ɗan abin da bai isa ya kashe ta ba, ƙadangare ya ci fari masu yawa ya tara rabonsu duka, kurciya ta tsinci irin da aka cuɗa da magani ta tara nata, shaho kuma ya ci ɗaruruwan ƙadangaru da kurciyoyi a shekara. Kamar yadda ruwan ƙananan kwazazzabai ke haɗuwa ya cika Gulbin Maraɗi, haka gubar da ta watsu a gonaki da yawa take haɗuwa a jikin tsuntsun da babu mai cinsa.

Daga jikin uwa, hanya biyu ce take kai gubar ga ɗa. Ta farko ƙwai ne. Macen tana ɗibar kitsen jikinta ta gina gwaiduwa, kuma abin da ke ɓoye a kitsen yana bin sa ya shiga ƙwan, har ma uwar takan samu sauƙin nata kayan ta wannan hanya. Ɗan da ke cikin ƙwan kuwa ba shi da wani abinci sai wannan gwaiduwa, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa da hantarsa suke haɗuwa. Ta biyu ita ce ciyarwa bayan ƙyanƙyasa. Ɗan shaho yana ninka nauyinsa kusan sau goma cikin mako uku na farko, saboda haka abin da yake ci, idan aka auna da girman jikinsa, ya fi na iyayensa nesa, alhali hantarsa ba ta gama ƙwarin da za ta karya guba ba. A kwanakin farko ma ba ya iya daidaita zafin jikinsa sai uwa ta rufe shi da dare ta yi masa inuwa da rana. Idan magani ya kwantar da ita kwana ɗaya ko biyu a zafin bazarar nan tamu, ita za ta miƙe, shi kuwa ya riga ya mutu ko da bai ɗanɗani gubar ba.

Fasasshen ƙwan da ka ambata ya tuna mini da tarihin wani maganin ƙwari da ake kira DDT. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano a 1939 cewa yana kashe ƙwari, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1948, duniya kuma ta rungumi maganin hannu bibbiyu. Ba a daɗe ba masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka fara tarar da fasassun ƙwai a sheƙar shaho ba tare da sanin dalili ba. Wani masani mai suna Derek Ratcliffe ya bi gidajen adana kayan tarihi yana auna ɓawon tsofaffin ƙwai da aka tara shekara da shekaru, ya kuma bayyana a 1967 cewa daga wajen 1947 kaurin ɓawon ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Daga baya aka gane yadda abin yake: a cikin jiki DDT yana rikiɗa ya zama wani sinadari da ake kira DDE, shi kuma yana toshe hanyar da kalsiyam ke bi daga jini zuwa inda ake gina ɓawo. Uwa ta hau ƙwanta don ta ɗumama shi, nauyinta ya fasa shi. A Amurka, mikiyar nan mai farin kai da ke kan tambarin ƙasar ta ragu har ma'aurata 417 kawai aka ƙirga a 1963 a jihohi 48 da ke manne da juna. An hana DDT a gonakinsu a 1972, amma sai a 2007 aka cire mikiyar daga jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. A nahiyarmu ma an ga irin wannan raguwar ɓawo a ƙwan mikiya mai kamun kifi a tafkin Kariba na Zimbabuwe, bayan feshin DDT da aka yi don kashe ƙudan tsando.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne yadda ɓarnar ke ɓoyewa. Manyan tsuntsayen nan suna da tsawon rai, saboda haka mutum zai ci gaba da ganin ma'aurata a kan itacensu shekara bayan shekara ya ɗauka komai lafiya, alhali babu ɗa ko guda da ya tashi. Ranar da tsofaffin suka mutu, sai sama ta zama wayam a lokaci ɗaya.

Yarjejeniyar Stockholm da aka sa wa hannu a 2001, ta fara aiki a 2004, ta hana irin waɗannan magunguna masu daɗewa, ciki har da diyaldirin da aka yi ta fesa wa fari a Sahel har cikin shekarun 1980, ta bar DDT don yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cututtuka, irin su sauro. Ragowarsu tana daɗewa a ƙasa shekaru da dama. Sai dai da yawa daga abin da ake sayarwa a kasuwanninmu yau, irin su piya-piya da kulorfirifos da daimetowet, wani dangi ne daban. Ba sa daɗewa kamar DDT, amma suna bugu nan take, domin suna hana jijiya hutawa bayan ta isar da saƙo, sai tsuntsu ya kama karkarwa, yawu na dalala, ƙafafu su dunƙule, numfashi ya tsaya. A Ajantina, tsakanin 1995 da 1996, wani maganin wannan dangi mai suna monokurotofos ya kashe shaho kimanin 20,000 da suka ci farin da aka fesa. Ɗan tsakon da ka tarar ba rauni ya fi kama da aikin wannan dangi.

Abin da ke hannunka, Baba, shi ne ka duba lambar amincewar Kwamitin Sahel na Magungunan Ƙwari a jikin kwalba kafin ka saya, domin da yawa daga abin da ke shigowa ta kan iyaka ba su da ita, ka tsaya a kan awon da malamin gona ya faɗa, ka rufe irin da ka cuɗa da magani da ƙasa sosai, ka kuma kwashe matattun ƙadangaru da tsuntsaye bayan feshi ka binne su da zurfi. Idan ka sake tsintar ƙwai ko ɗan tsako, ka sa hannunka cikin leda ka ɗauka, ka kai wa ma'aikatan gandun daji tun bai ruɓe ba.

Tambaya: Malam, tun ina yaro nake aikin fawa. A da idan muka yi yanka, ungulu har kan katanga take jeruwa, sai mun kore ta. Yanzu sai in yi watanni ban ga ko ɗaya ba, ƙananansu masu duhun kai kuwa na manta rabon da in gani. Na ji a rediyo cewa wata allurar shanu ce ta ƙarar da su a Indiya. Ita ce ta iso mana?
Daga wani dattijon mahauci a Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Ranka ya daɗe, idonka bai yaudare ka ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973, sannan ya sake bin waɗannan hanyoyi a 2003 da 2004. Ya tarar da manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wajen gandayen da ake tsaro, ungulun gari da ka sani kuma ta ragu da kusan rabi. A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa.

Labarin Indiya gaskiya ne. Allurar ita ce diklofenak, maganin ciwon jiki da kumburi. Idan aka yi wa saniya ta mutu kafin maganin ya fita daga jikinta, ungulun da ta ci mushen ƙodarta takan lalace ta mutu cikin ƴan kwanaki. An tabbatar da haka a Pakistan a 2004, bayan wani nau'in ungulu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari a Indiya, kuma lissafi ya nuna ko mushe ɗaya cikin ɗari bai kai ba wanda ake buƙata ya ƙunshi maganin kafin a yi wannan asara, domin ungulaye da yawa ne ke taruwa a kan mushe guda. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana yi wa dabbobi ita a 2006, aka koma ga meloksikam wanda gwaji ya nuna ba ya cutar da ungulu. An kuma gwada an ga manyan ungulayen Afirka ma diklofenak yana kashe su, saboda haka duk makiyayin da ke da zaɓi tsakanin magungunan biyu ya tambayi likitan dabbobi ya ba shi meloksikam.

Amma zan yi maka rashin adalci idan na bar ka da tunanin cewa allura daga waje ce babbar matsalarmu. A Afirka abin da aka fi samu shi ne guba da aka sa da gangan: mushen da aka barbaɗe da maganin ƙwari don kashe kura ko dila ko karnuka, da kuma kashe ungulun kanta don a sayar da kanta da ƙafafunta ga masu neman asiri. A Gine Bisau, a 2020, an tarar da ungulayen gari fiye da 2,000 a mace, da yawa an yanke musu kai.

Rashin ganin ƙananan da ka ambata a nan yake da nauyi. Hausawa sun ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to a gidan nan ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ita da mijinta suna karɓa-karɓar kwanci kimanin kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa, bayan ya tashi ma yana bin iyayensa neman abinci na wani lokaci. Abincin nasa kuwa amayo masa iyayen suke yi daga maƙoshinsu, saboda haka gubar da uwa ta haɗiya a juji ita za ta zuba masa a baki. Idan ɗaya daga cikin iyayen ya mutu, ɗayan ba ya iya haɗa neman abinci da gadin sheƙa, ɗan yakan bi. Kazar da shirwa ta ɗauke wa ƴaƴa takan sake ƙyanƙyashe goma kafin damina ta fita, ungulu kuwa sai baɗi, in ta kai. Gandun dajin Gadabeji da ke ƙasar Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, yana cikin wuraren da manyan ungulaye ke sheƙa har yanzu a jiharmu, kuma mushe guda mai guba a kusa da shi a lokacin kwanci zai iya shafe haihuwar shekara.

Tambaya: Malam, ina da mangazar hatsi da wake, ɓeraye sun addabe ni, sai na riƙa zuba musu magani. Akwai mujiya a rufin mangazar da ƴaƴanta, yanzu biyu sun faɗo sun mutu, jini na fita daga bakin ɗaya. Maƙwabta sun ce in gode wa Allah, mugun abu ya rabu da ni. Zuciyata ba ta kwanta ba.
Daga wata ƴar kasuwa a Tasawa.

Amsa: Hajiya, zuciyarki ta fi maƙwabtanki gaskiya. Jinin da kika gani alama ce da aka sani ta wani dangin maganin ɓera, irin su burodifakum da buromadiyolon, masu hana jiki amfani da bitamin K, wanda sai da shi jini ke daskarewa. Ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, yakan yi kwana uku zuwa mako yana yawo a galabaice, kuma irin wannan ɓera shi ne ya fi sauƙin kamu ga mujiya. Ta kai wa ƴaƴanta, su kuma idan sun ɗan tasa haɗiye shi suke yi ɗungurungum har da hanta, inda maganin ya fi taruwa kuma yake zama watanni. Ɗan da gashinsa ke tsirowa yana da jini a gindin kowane gashi, saboda haka ƙaramin rauni ma ya isa ya sa jini ya ƙi tsayawa. A Birtaniya, inda ake gwada hantar mujiyoyin da aka tsinta a mace, ana samun ragowar irin wannan magani a mafi yawansu.

Ban shiga gardamar camfi ba, amma a lissafin kasuwa kin yi asarar ma'aikata. Gidan mujiya guda mai ƴaƴa huɗu ko biyar yana cinye ɗaruruwan ɓeraye kafin ƴaƴan su tashi, shi ya sa a gonakin kwakwar manja na Malesiya ake kafa musu akwatunan sheƙa da gangan. Ki toshe ramuka da siminti, ki ɗaga buhuna daga ƙasa ki raba su da bango, ki yi amfani da tarko. Idan dole sai magani, ki sa shi cikin rufaffen akwati mai ƙaramar ƙofa, ki riƙa zagayawa kowace safiya kina kwashe matattun kina binnewa, wanda hakan kariya ce ga kyanwarki da kajinki da jikokinki ma.

Tambaya: Malam, da girmamawa, ku masu rubutu ba ku san zafin jan-baki ba. Idan ya sauka a gona, kafin la'asar ya gama da guminka na shekara. Wanda ya ga farin 2004 da yunwar da ta biyo baya ba zai ce a daina feshi saboda ɗan shirwa ba. Mu bar ƴaƴanmu da yunwa ne don tsuntsu ya rayu?
Daga wani manomi a Mayahi.

Amsa: Ɗan'uwa, ba za ka ji na ce a zuba wa fari ido ba, domin duk wanda ya ga abin da ya faru a jihar nan a 2005 ya san ba wasa ba ne. Abin da ake tattaunawa shi ne da me za a yi feshin, a ina, kuma wa zai zagaya bayansa.

Maganin da aka fi fesa wa jan-baki shi ne fentiyon, wanda ake sayarwa da sunan Queletox, ana zuba shi da magariba a inda suke kwana. Da gari ya waye dubban tsuntsaye suna ƙasa, wasu sun mutu wasu suna mutsu-mutsu, shirwa da shaho da gaggafa kuma su sauko kamar an kira su walima, su ci su kuma ɗauka su kai sheƙa. An rubuta mutuwar tsuntsaye masu farauta bayan irin wannan feshi a ƙasashe da dama na Afirka. Mutanen ƙauye ma sukan tsinci waɗannan tsuntsaye su soya, wanda ya kamata a hana da babbar murya. Inda aka tsare wurin aka kwashe matattun da asuba aka binne, ɓarnar takan ragu ƙwarai. A Cadi kuwa akwai masu kama jan-baki da raga da daddare suna sayarwa, abin da ke mayar da annoba nama ba tare da ɗigon guba ba.

Game da fari, a yaƙin da aka yi daga 2003 zuwa 2005 an fesa kimanin hekta miliyan 13 a ƙasashen da abin ya shafa, kusan duka da magunguna masu bugun jijiya. Alhali tun shekarun 1990 aka gwada wani magani a nan Nijar, a wajen Maine-Sorowa, wanda aka yi da wani naman gwari da ke kama fari da dangoginsu ya bar tsuntsu da dabba, ana sayar da shi da sunan Green Muscle. Aibinsa shi ne jinkiri, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, saboda haka amfaninsa yana ga fesa wa ƴaƴan fari tun ba su yi fiffike ba, abin da ke buƙatar sa ido da wuri. Tsuntsun da ya ci farar da wannan magani ya kama ba abin da ke samunsa, yana ma taya aikin.

Akwai wani ƙaramin shaho mai jan fiffike da ke zuwa mana da damina ya yi sheƙa, kuma fari da sauran manyan ƙwari suna cikin babban abincinsa. Shi da shirwa da shamuwa da belbela suna rage farin gida tun kafin su yi yawan da za a kira jirgi. Feshin da ya zo daidai da lokacin da ƴaƴansa ke sheƙa yana cutar da su ta fuska biyu, gubar da ke cikin farin da aka kawo musu, da yunwar da ke biyo baya idan farin suka ƙare gaba ɗaya a mako guda. Manomin da ya rasa waɗannan tsuntsaye shi zai ƙara sayen magani baɗi.

Tambaya: Malam, ni maharbi ne, gada da zomo da zabin daji nake harbi, ban taɓa ɗaga bindiga ga mikiya ba. Wani ya ce harsashina yana kashe ta. Gaskiya ne?
Daga wani mafarauci a Gidan Rumji.

Amsa: Gaskiya ne, Sarkin Baka, ko da yake ba da niyyarka ba. Harsashin dalma yana tarwatsewa cikin nama ya bar ɓurɓushi da ido ba ya gani. Dabbar da ka harba ta tsere ta mutu a daji, da kayan cikin da ka zubar bayan fiɗa, su ne abincin mikiya da ungulu, kuma ruwan cikin waɗannan tsuntsaye yana da tsamin da ke narkar da ƙashi, balle dalma. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar kalsiyam ce, ya kai ta cikin ƙashin da ke girma da ƙwaƙwalwa, ta kuma hana haɗa jini, shi ya sa ƙarami ya fi babba shan wahala. A wani gandu kusa da Kimbali a Afirka ta Kudu an auna jinin ƴaƴan ungulu a sheƙa aka sami dalma mai yawa a jikin da dama daga cikinsu, bincike kuma ya danganta ta da harsashi. Ɗan da bai mutu ba yakan tashi da ƙarancin jini da raunin jijiya, ya kasa neman abin kansa. A Amurka, wata ƙatuwar ungulu ta jihar Kalifoniya ta ragu zuwa 22 kacal a 1982, kuma dalma ce ta zama babbar mai kashe waɗanda aka mayar daji daga baya, har jihar ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019.

Mu maƙwabtan Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani, domin a 2010 dalmar da ta fito daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan can, manya kuwa akasari suka tsira. Ka binne kayan ciki maimakon ka bar su a fili, ka bi sawun dabbar da ka raunata iyakar iyawarka, ka kuma yanke naman da ke kewaye da inda harsashi ya bi ka zubar kafin a dafa wa yara.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Me ya sa masu bincike suka fi son auna ƴan tsaki a sheƙa fiye da manyan tsuntsaye, kuma ana kashe su ne kafin a auna?
Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Ba a kashe su, ƴata. Babban tsuntsu matafiyi ne, gubar da ke jikinsa tana iya kasancewa daga Katsina ya kwaso ta, ko daga Turai idan mai ƙaura ne. Ɗan da ke sheƙa kuwa, ban da abin da ya gada daga ƙwai, duk abin da ya ci an kamo shi ne a kewayen itacen cikin makonnin da suka gabata, saboda haka jininsa yana ba da labarin wannan wuri a wannan shekara. Ana ɗibar ɗan jini daga jijiyar fiffike, a tsinki gashi kaɗan, a auna nauyi da tsawon fiffike, a mayar da shi sheƙa, a kuma ɗauki ƙwan da ya wuce lokacinsa bai ƙyanƙyashe ba. Da irin wannan aiki ne aka bi diddigin PCB, sinadarin da ake zubawa a tsofaffin taransifoma, a manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, inda aka riƙa samun ƴaƴan tsuntsaye masu cin kifi, har da mikiya, da bakinsu a karkace ba sa iya cin abinci.

Gashi ya fi amfani wajen auna zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita wajen tace ta, kuma tun da haƙar ta iso yankin Ɗan Isa wannan tambaya ta zama ta gida. Muddin gashin ɗan tsuntsu yana tsirowa, jiki yana tura zaibar cikinsa, abin da ke rage masa ita a jini. Da gashin ya gama fitowa wannan ƙofa takan rufe, zaibar ta hau a jininsa daidai lokacin da yake koyon tashi da farauta. Saboda haka idan za ki yi wannan aiki a tafkin Madarunfa ko wani wuri, ki rubuta kimanin shekarun kowane ɗa a kwanaki tare da samfurinsa, ki nemi izinin ma'aikatar gandun daji, ki hau itace da sanyin safiya, kuma kada ki raba uwa da sheƙarta fiye da ƴan mintoci.